Idan Dutse Ya Faɗo Daga Sama, Kada A Wanke Shi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu ja hankalin jama'a kan duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya, don rashin sani na sa a lalata su.

A ranar 30 ga Nuwamba 1954, a Sylacauga ta jihar Alabama a Amurka, dutse mai nauyin kusan kilo 4 ya huda rufin gida, ya bugi rediyo, ya faɗa kan ƙugun wata mata da ke barci. Ta rayu. A 1992 wani mai kilo 12 ya ragargaza bayan wata mota a garin Peekskill na jihar New York a Amurka. Mu ma a nan, a 1962 dutse mai kilo 18 ya faɗo gona a Zagami, ƙasar Katsina, daga baya aka gano daga duniyar Mars yake.

Wanda ya tsinci irinsa ya fara ɗaukar hoto kafin ya taɓa, ya rubuta rana da lokaci. Kada a wanke: yawancinsu na da ƙarfe a ciki, ruwa da gumin hannu na sa su tsatsa. A naɗe shi cikin leda mai tsafta, a ajiye wuri busasshe. Kada a kankare baƙin ɓawonsa mai kaurin kusan milimita 1, shi ne shaidar ƙunar da ya sha a iska. Kada kuma a kusantar da maganaɗisu mai ƙarfi gare shi, don yana goge bayanan da masana ke nema a cikin dutsen.

Kwanon rufin da ya huda ma kada a yar, a kai su tare sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa.

Naka,
Wasu malaman kimiyya, Funtuwa