Zuwa ga kwastomominmu: kafin ku kira mu kan fankar hita da ta ƙi tsayawa

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya ku da iyali.

Tun da sanyi ya kama wayarmu ba ta huta ba, kuma kusan duk maganar ɗaya ce, wai fankar hita ta ƙi tsayawa, dare da rana tana ta gudu, wani ma ya ce ya kashe tamostat ɗin, wato na'urar bango da ake saita zafin gida da ita, gaba ɗaya amma iska na nan tana fitowa. To gaskiya da yawa cikin kiran nan bai kai a ce mun ɗauko akwatin kayan aiki mun taso ba, kuma mu ma ba ma jin daɗin karɓar kuɗin mutum kan abin da yatsa ɗaya zai gyara, shi ya sa muka ce bari mu rubuto muku.

Ku fara duba tamostat ɗin kansa. Akwai wajen saitin fanka mai ON da AUTO. In yana kan ON to fanka ba ta da laifi, abin da aka ce ta yi take yi, za ta yi ta juyawa ko wuta na ci ko ba ta ci. Ku mayar da shi AUTO ku ɗan jira. Kwanan baya abokin aikinmu ya je wani gida ya buɗe murfin injin har ya durƙusa da mita a hannu yana gwada wayoyi, ashe wajen goge ƙura ne tsumma ya ture makunnin, shi da maigidan sai dariya. Tamostat na zamani irin su Nest da ecobee kuma suna da saitin da ke kunna fanka na wasu mintoci duk awa don iska ta zagaya, ku leƙa ko wani ya kunna. Sannan in wuta ta mutu fanka ta ƙara minti ɗaya zuwa uku kafin ta tsaya, wannan lafiya lau ne, ragowar zafi take kwashewa.

In yana AUTO amma abin bai daina ba, ku sa hannu a bakin ramin iskar. Mai ɗumi ce ko mai sanyi? In sanyi kuka ji, ku zaro filta ku ɗaga ta saitin haske, in hasken ba ya ratsawa to kusan kun gano matsalar. Filta in ta toshe iska ba ta samun hanya, cikin injin sai ya yi zafi fiye da ƙima, akwai wani ɗan makunnin tsaro a ciki da ke jin zafin, shi ne zai kashe wutar ya bar fanka tana gudu don ta huce ƙarfen. In aka daɗe a haka yana kashewa yana kunnawa wata rana sai ya maƙale, shi kenan fanka ba tsayawa, ɗumi kuma babu. Ku canza filta, ku tabbatar kujera ko labule bai rufe ramukan iska ba. Mu dai muna cewa a riƙa duba ta duk wata, kar ta wuce wata 3 in irin siririyar nan ce.

Don Allah don Annabi kar wani ya ce muku ai sai a haɗe wayoyin makunnin tsaron nan a tsallake shi. Mun sha tarar da haka kuma ranmu na ɓaci, don shi ne ke tsakanin gidanku da gobara. In ya lalace sabo ake sawa.

Wanda hannunsa ya ɗan saba zai iya ƙara gwaji ɗaya. A kashe wutar hitar daga bireka, wato makunnin da ke akwatin wutar gida, tukuna, a cire fuskar tamostat, a ɗauki hoton wayoyin da waya kafin a taɓa komai. Za ku ga haruffa, R ita ke kawo wuta volt 24, W ta ɗumi ce, G kuma ta fanka, yawanci koriya amma ku bi harafin kar ku bi kala, don ba kowane mai haɗawa ke kula ba. Ku cire ta G kaɗai, ku naɗe bakinta da tef, ku mayar da wuta. In fanka ta yi shiru to tamostat ne ya mutu, canji kawai. In ta ci gaba, to ko G da R sun haɗu a cikin bango, ƙusa ko ɓera duk suna yin haka, ko kuma rile, wato ɗan makunnin da ke kunna fanka a kan bod (allon lantarki) ɗin injin, ya manne, ko makunnin tsaron da muka faɗa. Nan kam ku tsaya ku bar mana, ɗan injin da ke juya fanka da cikakkiyar wutar gida yake aiki, kafasitarsa kuma, wato abin da ke tara masa wuta, tana riƙe caji ko an kashe bireka.

Masu tsofaffin hita, wasu na da ɗan farin maɓalli a jikin injin, in an danna shi ciki fanka ba ta tsayawa, jawo shi ake yi waje.

In za ku kira, ku faɗa mana iskar ɗumi ce ko sanyi, yaushe rabonku da canza filta, da sau nawa ƙaramar fitilar bod ɗin ke ƙiftawa in kuna hango ta ta ɗan gilashin murfin, da wannan muke sanin kayan da za mu riƙo kar mu yi sawu biyu. In kuma warin gas kuka ji kar ku taɓa kowane makunni, ku fita da kowa waje ku kira lambar gaggawa ta kamfanin gas kafin ku neme mu.

Mun gode ƙwarai,
Ma'aikatan sashen gyara