Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Game Da Jinyar Yayarsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, mu ma nan Bajoga muna lafiya, sai dai damuwar da ka sani. Mijin yayarka ya zo mun zauna da shi da mahaifiyarku, mun kuma tsayar da shawarar cewa a gidanka za ta riƙa sauka duk lokacin da za ta karɓi magani a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, tunda kai ne mafi kusa da asibitin. Na rubuto ne domin maganar ta fi ƙarfin waya, kuma ina so ka sami abin da za ka riƙa dubawa idan kanka ya ɗauki zafi.

Likitoci sun ce sankarar ta wuce mama ta kai ga ƙashi, wato mataki na huɗu ke nan. A wannan mataki ba a cika yin magani da nufin tumɓuke cutar gaba ɗaya ba, ana yin sa ne domin a danne ta, a rage raɗaɗi, a kuma ba mai ita damar ci gaba da rayuwarta cikin 'ya'yanta. Akwai matan da suke yin shekaru a haka, suna shan magani suna harkokinsu. Saboda haka kada ka riƙa tambayarta ko yaushe za a gama, kada kuma ka riƙa kallonta da idon wanda ya riga ya fid da rai. Ajali yana hannun Allah, mu namu jinya ne, kuma wannan jinya mai tsawo ce.

Babban abin da nake so ka riƙe shi ne, ciwon nan a jikinta yake, ita ce kuma take da haƙƙin jin labarinsa da faɗin abin da za a yi da ita. A shekarun da na yi ina aikin lafiya na sha ganin yadda dangi suke jan likita gefe su ji bayani, sannan su dawo su ce wa marar lafiya babu komai, alhali tana karanta gaskiya a fuskokinsu. Ƙarshenta sai ta zauna da tsoronta ita kaɗai, ba ta da wanda za ta faɗa wa, domin kowa ya nuna mata cewa maganar ba ta taɓuwa. Yayarka ta girme ka, tana da hankalinta, ta kuma yi ɗawainiyarka kana ƙarami. Ka tambaye ta tun farko iya abin da take son sani, da wanda ta yarda a gaya wa cikin dangi. Idan likita ya yi mata tambaya, ka bar ta ta amsa da bakinta, ko da tana jan magana. Idan wata rana ta ce ta gaji da allurar, kada ka yi mata faɗa, kada kuma ka yanke mata hukunci; ka saurare ta, sannan ku kai maganar gaban likita, domin sau da yawa ana iya rage maganin ko a canza wani.

Ka sayi littafi guda ka riƙa rubuta sunan kowane magani da ranar kowace allura, ka kuma haɗa duk sakamakon awo da hotuna a jaka ɗaya. Ka tabbata an yi gwajin nan da ake yi wa tsokar da aka yanko, wanda yake nuna ko sankarar tana girma ne da sinadaran jikin mace ko kuwa tana ɗauke da abin da ake kira HER2, domin a kansa likita yake zaɓen magani. Wata mace ƙwayar tamoxifen ce take yi mata aiki, wata kuma sai an haɗa da allurar trastuzumab, shi ya sa maganin da ya karɓi wata ba lallai ya karɓi yayarka ba.

Allurar kemo, wato allurar kashe ƙwayoyin sankara, yawanci bayan mako uku-uku ake yin ta, kuma kafin kowace sai an auna jini. Idan ya yi ƙasa aka ɗage ranar, kada ka ɗauka sakaci ne. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan allurar garkuwar jikinta takan yi rauni ƙwarai. Ka ajiye ma'aunin zafin jiki a gida, kuma duk lokacin da ya nuna 38 ko fiye, ku tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a aika yaro kemis, kada kuma a ba ta farasitamol kafin a auna, domin yana ɓoye zafin. Haka nan idan sabon ciwon baya ya taso mata tare da raunin ƙafafu ko matsalar fitsari, a ranar za a kai ta, saboda alama ce ta cewa ciwon yana danne lakar baya, kuma jinkiri yana iya hana mutum tafiya.

Masu dubiya za su zo da yawa, mun kuma gode musu, amma a kwanakin nan na rauni ka taƙaita zamansu cikin ladabi, mai mura ko tari kuwa ya yi sannu daga ƙofa. Da yawansu za su zo da magani a leda, wasu kuma za su ce maka daji ba ya son allura ko wuƙa. Abin da ya haifi wannan magana shi ne, mata da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya ci ƙarfinsu, idan rai ya yi halinsa sai a ɗora wa allura laifin da jinkiri ya yi. Kada ka yi gardama da manya. Ka karɓa ka yi godiya, amma kada a sha komai ko a shafa komai a kan miki sai likita ya gani, domin wasu saiwoyin suna wahalar da hanta da ƙoda, waɗanda dama kemo ya ɗora musu nauyi. Idan kuma an riga an sha wani abu, a faɗa wa likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Addu'a kuwa ba mu da abin da ya fi ta, kuma ba ta hana neman magani, tunda Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta.

Ciwon ƙashi yana da zafi, kuma ba jarumta ba ce a bar ta tana juyi har asuba. Idan likita ya rubuta mofin, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi, a ba ta a kan lokacin da aka tsara, kada a jira sai ta fara kuka, a kuma nemi maganin da zai sassauta mata ciki, domin mofin yana ɗaure shi. Rubuta shi ba ya nufin an sallama ta.

Sankara ba a ɗaukarta ta kwano ko tufafi ko numfashi, saboda haka kada a ware mata kwanon abinci, kada a hana yara shiga wurinta. Gashinta zai iya zubewa mako biyu zuwa uku bayan allurar farko, yakan kuma fito bayan an daina. Ka gaya wa matarka tun yanzu domin kada ta nuna firgita. A ba ta abinci kaɗan-kaɗan, kunun gyaɗa ko fate ko farfesu ko dafaffen ƙwai, a guji nonon talla da ba a dafa ba, kuma kada a tsare ta da dole idan zuciyarta tana tashi. Wanka da wanke miki aikin mata ne, nauyinsa kuma a kan matarka zai fi sauka, don haka ka riƙa gode mata a fili. Ƙanwarku za ta riƙa zuwa tana karɓarta. Idan mikin ya yi wari akwai maganinsa a asibiti, kai dai ka kiyaye fuskarka idan ka shiga ɗakin. Na san halin yayarka da ibada, za ta so ta matsa wa kanta, sai ka tuna mata cewa aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta sauƙaƙa wa marar lafiya azumi, salla kuma ta halatta a zaune ko a kishingiɗe, taimama tana nan idan ruwa zai cutar da ita.

Batun kuɗi kuwa, ka je ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ka tambayi yadda ake shiga asusun Gwamnatin Tarayya na tallafa wa masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, domin asibitin Gombe yana cikin guda shida da aka fara shirin da su. Duk abin da dangi suka turo ka rubuta, duk abin da ka kashe ka ajiye rasiti, saboda kuɗin jinya ya sha raba 'yan uwa. Kada ka sa hotonta a Facebook ko WhatsApp da sunan neman taimako ba da izininta ba. Mijinta kuma ka riƙa sanar da shi komai kafin kowa, ko da abin da yake iya kawowa bai kai naka ba, domin matarsa ce.

Kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na wannan cuta gado ne, don haka mahaifiyarku za ta yi wa ƙannenka mata maganar duba jikinsu da zuwa awo idan sun ji wani ƙullutu. Ita ce za ta rako yayarka wannan zuwan, za su taho da gero da gyaɗa. Idan kun fito daga wurin likita ka kira ni, ka kuma miƙa mata wayar. Ka gaishe da matarka da jikokina. Allah Ya ba ta lafiya, Ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.