Kawu Ya Ce Gumaka Na Zo Karantawa

Alƙahira, Masar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mutumina Bazazzagi, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara da su Baba. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai sanyi da ke neman kassara mu. Duk wanda ya ce maka ƙasar Larabawa zafi ce zalla, bai taɓa kwana a garin nan cikin hunturu ba.

Albishirinka! Ba sai ka ce goro ba, na san aljihunka. Malamin da ke duba aikina ya sa hannu a kan batun kundina. Zan yi rubutu a kan Misirawan da suka yi tonon kayan tarihi da hannunsu, da kuma malaman Musulmi da suka duba dala da haikalai suka rubuta a kansu tun Turawa ba su fara zuwa ba. Tsohon nan da ba ya yabon kowa har da cewa batun ya yi masa. Na fito daga ofishinsa ina ji kamar in yi guɗa.

Sai dai murna ta koma ciki. Labari ya kai kunnen Kawu, kuma ka san wanda ya kai, ba sai na kama suna ba. Ya kira ni ya yi ta faɗa, wai an turo ni garin Azhar in dawo da malanta, na ɓige da bin gumakan Fir'auna. Wai ina ruwan ɗan Musulmi da kushewar kafiran farko. Bai bar ni na ce uffan ba ya kashe waya. Inna kuma tun daga ranar in mun yi magana sai ta ce, "Ka dai riƙe salla." Wannan ita ta fi damuna, wallahi. Shi ya sa na zauna na rubuto maka, don kai Kawu yana jin maganarka, ban san asirin da ka yi masa ba. Ka je ka same shi bayan La'asar, lokacin da ya sha shayinsa, kada ka kuskura ka je da safe.

Kada ka fara masa da Turawa. Ka fara da Abdullaɗif al-Bagdadi, malami kuma likita, wanda ya zauna a garin nan wajen shekarar 1200. Ya je Giza da ƙafarsa, ya duba dala, ya tsaya gaban Abul Haul, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, yana mamakin yadda masassaƙi ya daidaita hanci da ido da kunne a fuska mai girma haka. Shi ne ya ba da labarin Sarki Azizu Usman, ɗan Salahuddin, da ya sa a rushe ƙaramar dalar Giza a 1196. Wata takwas ana fama, a yini da ƙyar a cire dutse ɗaya ko biyu, kuɗi suka ƙare aka haƙura. Har yau tabon yana nan a jikinta, na gan shi. Kuma Bagdadi bai yaba wa masu rushewar ba, haushinsu ya ji, su da masu fasa kaburbura don neman zinariya. Bayan shi ga Maƙrizi, wanda Kawu ya san sunansa sarai, ya cika shafuka da zancen dala. In ya ce waɗannan masu tarihi ne, sai ka tuna masa ayoyin da suka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Kai ne mai hadda, ka fi ni sanin inda suke. Ka kuma gaya masa a cikin haikalin Luksor akwai masallacin Shehu Abul Hajjaj, an gina shi a kan ginin Fir'aunonin, ana salla a ciki har gobe. Na yi Azahar a can, na leƙo ta ƙofa ina kallon ginshiƙan Fir'auna Ramsis a ƙasana.

Af, kafin in manta: da gaske ne Dogo ya sayi mota? An turo min hoto amma ban yarda ba, don tsayuwar da ya yi a jikinta tsayuwar mai aro ce. In tasa ce, ka ce masa bashina ya girmi motar.

To, bari in ba ka wanda ya hana ni barci, don kai ma za ka so shi. Akwai wani Bature ɗan Italiya, Belzoni, ƙato ne na gaske, a Landan yake wasan nuna ƙarfi, yana ɗaga mutane jama'a na tafi. A 1815 ya zo Masar da wata na'urar ɗebo ruwa zai sayar wa Muhammadu Ali Basha, ciniki bai faɗa ba. Yana cikin rashin abin yi jakadan Ingila, Henry Salt, ya ɗauke shi aikin kwaso kayan tarihi. A 1816 ya sa mutanen yankin Luksor suka jawo kan mutum-mutumin Ramsis na Biyu, mai nauyin sama da tan 7, a kan itatuwa har bakin Nilu. Yau yana gidan tarihi na Landan. A 1817 ya kwashe yashin da ya toshe ƙofar haikalin Abu Simbel, a shekarar kuma ya faɗa kabarin Seti na Ɗaya a Kwarin Sarakuna. A 1818 ya shiga dala ta biyu a Giza, ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a bangon ɗakin gawa, har da kwanan wata, 2 ga Maris. Abin dariyar, a bangon ɗakin nan ya tarar da rubutun Larabci na waɗanda suka riga shi shiga da ɗaruruwan shekaru. Amma dai shi ne ya "gano".

Ka san inda mutumin nan ya mutu? A ƙasarmu! Ya ɗaura niyyar zuwa Tumbuktu, aka hana shi bi ta Maroko, ya zagayo ta teku, ya sauka ƙasar Binin. A wani gari da ake kira Gwato atini ya kama shi, ya mutu a Disambar 1823. Da na gaya wa abokan karatuna Misirawa, ɗaya ya ce to mun gode, kun rama mana. Na ce masa ba mu ba ne, ruwan sha ne.

Ba wai ina cewa Turawan ba su yi aiki ba, kada ka je ka ƙara gishiri. Napoleon ya shigo a 1798 da masana fiye da 150, suka auna, suka zana duk abin da suka gani. Sojojinsa suka tsinci dutsen Rashid a 1799, mai rubutu iri uku, ciki har da Girkanci, Ingila ta ƙwace shi a 1801. Da taimakonsa Champollion ya buɗe karatun rubutun Fir'aunoni a 1822, kuma wannan aiki ne da ba mai raina shi. Sai dai abin da ya ba shi galaba shi ne ya iya harshen Ƙibɗawa, wanda shi ne jikan tsohon harshen Masar, kuma har wajen wani limamin Ƙibɗawa a Paris ya je neman sani. Irin waɗannan mutanen nake bi. Ahmad Kamal, Bamisire na farko da ya ƙware a fannin, ya sha wuya kafin a ba shi wuri a hukumar kayan tarihi da Faransawa suka riƙe tun da ɗan ƙasarsu Mariette ya kafa ta a 1858. Ga mutanen garin Ƙifɗ, waɗanda Baturen Ingila Petrie ya koya wa tono wajen 1893, har yau jikokinsu ne shugabannin leburori a wurare da yawa. Kowa ya san Howard Carter da kabarin Tutankhamun na 1922, amma nawa ne suka san shugaban ma'aikatansa, Ahmad Gerigar? A hotuna za ka gan su tsaye da rawani da kwando, ƙasan hoton kuwa sunan Bature kaɗai.

Kai, na yi nisa. Uwargida ta haƙura da maganar ɗinkin nan kuwa, ko har yanzu a shago kake cin tuwon dare?

Maganar addininsu kuwa, wadda ita ce ainihin tsoron Kawu, shirka ce, ba mai gardama. Rana abin bauta, kada abin bauta, har sa suke binnewa da girmamawa a Saƙƙara. Wani sarkinsu, Akhenaten, ya taɓa watsar da sauran ya ce faifan rana kaɗai za a bauta wa, ya gina sabon birni a Amarna, yana mutuwa aka koma gidan jiya. Wasu suna ɗaga shi wai mai tauhidi ne, ni ban ga tauhidi a bautar rana ba. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Mutanen nan sun yi imani za a yi musu hisabi. A takardun da suke binnewa tare da mamaci an zana ma'auni, zuciyarsa a gefe guda, gashin tsuntsu mai wakiltar gaskiya a ɗaya gefen, marubuci na tsaye yana rubutawa, wata dabba mai kan kada na jira ta haɗiye zuciyar da ta faɗi. Mamacin zai tsaya gaban alƙalai 42 yana wanke kansa: bai yi sata ba, bai yi kisa ba, bai tauye awo ba, bai taɓa ma'auni ba, bai ƙwace nono daga bakin jariri ba, bai tare wa maƙwabci ruwan noma ba. Da na karanta wajen tauye awo sai yayanka na kasuwar hatsi ya faɗo min a rai, shi da mudunsa mai lotsattsen gindi. Ka karanta masa wurin, ka ce in ji ni. Ni dai karatun nan bai rage min komai ba, ya dai sa na ƙara gane abin da Annabi Musa ya tunkara. Sai ka tsaya cikin ginshiƙai 134 na haikalin Karnak, wuyanka ya gaji da kallon sama, sannan za ka san irin mulkin da aka aike shi ya je ya faɗa wa gaskiya.

Ka dame ni da tambayar ko na ga gawar Fir'auna. Na ga gawarwakin Fir'aunoni dai. A 1881 aka fito da tarinsu daga wani rami a Dairul Bahari, wanda 'yan gidan Abdur Rasul suka riga kowa sani suna sayar da kayan ciki a ɓoye. Ramsis na Biyu na cikinsu. An ce da jirgin ruwa ya ɗauko su zuwa Alƙahira, matan ƙauyuka sun fito bakin kogi suna kururuwa irin ta makoki. Ɗan Ramsis, Merneptah, kuma a 1898 aka same shi a wani kabarin. A 2021 aka kwashe 22 daga cikinsu zuwa sabon gidan tarihi na Fusɗaɗ, can na gan su. Su biyun nan ake yawan nunawa a ce ɗayansu ne na Annabi Musa, amma masana ba su haɗu a kan kowa ba, kuma ba a rubuce yake a goshin kowa ba. Saboda haka bidiyoyin nan da kake turo min a WhatsApp, masu kiɗan ban tsoro, ka rage. Hoto kuma kada ka sa rai, ba a barin ɗauka a ɗakin.

Idan kun yi magana da Kawu ka kira ni a daren, ko me ya ce, kada ka tace min. In ka ga ya sauko, sai ka biya wajen Inna ka gaya mata da bakinka, ta fi yarda da kai a kan waya.

Akwai ɗaliban da za su taso bayan hutu. Ka haɗo min yaji da daddawa da kuka, kuɓewa kam akwai ta a nan. Kada ka ba Dogo ya kai musu, ka tuna abin da ya faru da kilishin bara. Ka gaida su Baba da kyau, da Malam na bakin masallaci, ka ce masa littafin da ya yi saƙo na same shi a bayan Azhar, amma bugun Beirut ne, ko yana so haka?

Wassalam.

Naka,
Ubangidanka Bakano