Amsa ga Baban da aka fasa wa shago

Assalamu alaikum Baba.

A shirin rediyon da muka tattauna batun sulhu, kun bugo waya kun ce: idan yaron da ya fasa muku shago zai biya ya koma gida, me zai hana shi dawowa gobe? Lokaci ya ƙure kafin in amsa, kuma tambayar ta tsaya mini a rai.

Baba, a ce an yanke masa shekara biyu a gidan yarin Kurmawa. Buhunan shinkarar da ya kwashe ba za su dawo ba, ko kwabo ba zai shiga aljihunku ba, ga kuɗin mota da kuka ƙarar wajen zaryar kotu. Shi kuwa zai kwana ɗaki ɗaya da waɗanda suka fi shi gogewa a sata, a gidajen da kusan kashi biyu cikin uku na mazaunansu jiran shari'a suke yi. A 2023 sai da gwamnatin tarayya ta haɗa naira miliyan 585 don a saki mutum 4,068, yawancinsu tara ce kawai ta gagare su.

Sulhun da nake nufi zama ne na ido da ido. Ga ku, ga yaron, ga mahaifinsa, ga mai unguwa. Ku faɗa masa da bakinku cewa kayan nan bashi kuka ɗauko, har yau dila na bin ku. A rubuta abin da ya ɓata, a tsara biya wata-wata, wani babba ya tsaya masa, a kai takardar gaban alƙali. In ya saɓa, shari'a na nan. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ba kotu ikon sa mai laifi ya biya diyya ko ya yi wa al'umma aiki, dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ma ta tanadi irin wannan zama.

Tsoronku yana da tushe, don wani yaron zai koma ruwa. Amma wanda ya sha kunya a gaban ubansa, yana zufa yana biya, ya fi saurin shiga taitayinsa.

Wurare biyu ba na sassautawa. Ba a tilasta wa wanda aka zalunta ya yafe. In kun ce kotu kuke so, haƙƙinku ne. Fyaɗe kuma ba a sasanta shi a zaure, ko da dattawan unguwa duka sun sa baki, domin yarinyar ce ake danne wa haƙƙi don a rufa wa mai laifi asiri.

Allah Ya mayar muku da alheri.

Ɗanku.