Rahoton shekara na ƙungiyarmu ta masu jin tsofaffin faifai da kallon taurari

Assalamu alaikum 'yan uwa, iyayenmu da yayyenmu na ƙungiya. Ga rahoton bana, ku yi haƙuri ya ɗan makara, wayata ce ta faɗa ruwa.

Mun riƙe zaman Asabar ɗin ƙarshen wata kamar yadda aka saba, faifai da farko, in dare ya yi a hau saman bene da madubin hangen nesa. Zama biyu ne kawai suka watse, ɗaya ruwan sama, ɗaya kuma aka ɗauke wuta janareto ya ƙi tashi.

Wanda ya fi jan jama'a shi ne zaman Sun Ra, makaɗin jazz ɗan Amurka, kuma dama shi ne ya haɗa mana kiɗa da sama wuri guda. An haife shi a Birmingham ta jihar Alabama a 1914, sunansa na yanka Herman Blount, amma har ya rasu a 1993 bai daina cewa shi ɗan duniyar Satan ne ba, wato Saturn mai zoben nan, ba Shaiɗan ba, don sai da muka tsaya muka warware wa Baba Ma'aji wannan. Baba ya ce ai shi ya ji labarin zuwansa Legas lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata, a 1977, mutane suna ta mamakin rigunansa masu ƙyalli. Daga nan aka shiga John Coltrane, mai busa saksafon, wanda ciwon daji na hanta ya kashe a 1967 yana da shekara 40, wasu sun ce kiɗansa na ƙarshe hayaniya ce zalla, ni dai ban yarda ba amma gaskiya sai mutum ya yi haƙuri da shi.

Zaman Nina Simone ya taɓa matan ƙungiya sosai. Yarinyar da ta so ta zama gwanar piyano ta kiɗan gargajiyar Turai, makarantar Curtis ta Philadelphia ta ƙi ɗaukarta, ta koma kiɗa a mashaya har ta canza suna daga Eunice Waymon don kar mahaifiyarta mai wa'azi ta sani, daga baya ta yi zama a Laberiya, ta rasu a Faransa a 2003. Hajiya ta ce a sake shi baɗi, kwamiti ya amince.

Ɓangaren sama kuwa hazo ya cuce mu. Nebular Oriyon, gajimaren gas da ƙura da ake haihuwar taurari a cikinsa, lokacin ganinta da yamma ya faɗo daidai hunturu. Sau uku muna hawa muna sauka da mura. Ranar da hazon ya lafa muka same ta ƙarƙashin taurari ukun nan da ke jere, wani ɗan fari-fari kamar an hura hayaƙi a gilashi, yara suka ce wai ina launukan da suke gani a hotunan Hubble, madubin hangen nesa da ke sararin samaniya? Aka yi musu bayani cewa kyamara tana daɗewa tana tara haske, ido ba ya iyawa. Da aka ce hasken ya fi shekara 1,300 yana tafiya kafin ya iso mu sai wurin ya yi tsit.

Nebular Ƙaguwa, ragowar tauraron da ya fashe wanda masanan Sin suka rubuta ganinsa a 1054, ba mu same ta ba, madubinmu ya yi ƙanƙanta. A daren ne muka sa Otis Redding, mawaƙi ɗan Amurka, da jirgi ya faɗi da shi a tafkin Monona a Disambar 1967 yana ɗan shekara 26, waƙarsa ta hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka bayan ya mutu. Wani ɗan uwa ya fara falsafar cewa ai shi da tauraron duk ɗaya ne, aka ce ya sha shayinsa kar ya huce.

Saura batun kuɗi. Allurar garmaho ta cinye, ƙafar madubi kuma da igiya muka ɗaure ta. Masu bashin kuɗin wata ku taimaka ku ga Baba Ma'aji kafin zaman farko, wanda ya ari faifan Aretha Franklin tun azumi kuma don Allah ya dawo da shi, mun san ka.

Naku,
Sakatare