Dan Allah a kula da akwatin kwantirolar fitilun ado

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki. Ni mai aikin wayarin ne a Kaduna, na daɗe ina haɗa wa mutane fitilun ado na Maulidi da Sallah da biki, ƙarshen shekara kuma maƙwabtanmu Kirista su kira ni na Kirsimeti. Abin da yasa na rubuto, mutane na zuba kuɗi masu yawa a fitila amma in an zo kan akwatin da za a saka kwantirolar sai kaji ance a naɗe ta a leda da salatif kawai a rataye a bishiya. Wallahi wannan abu na damuna, domin ƙaramin fanel ɗin nan shi ke juya fitilun gaba ɗaya, kuma a gefensa adafta take, wadda wutar NEPA mai volt 230 ke shiga kafin a sauke ta zuwa 12 ko 5, ga yara na wasa a ƙasan wajen.

Ku duba lokaci ma. Maulidin 2024 ya zo tsakiyar Satumba, na 2025 farkon Satumba, kuma tunda duk shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11 to daga 2026 zuwa 2028 cikin Agusta yake faɗowa, tsakiyar damina kenan. Kirsimeti kuwa cikin hunturu take zuwa, ba ruwa amma ga ƙura mai laushi da ke shiga ko ina.

In kaje siyan akwati ka duba jikinsa, akwai IP da lamba biyu. Ta farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6, ta biyu ta ruwa. IP44 fantsamar ruwa kawai yake tarewa, ƙura na shigarsa, ya isa in a ƙarƙashin rumfa ne. IP65 ƙura bata shiga kuma yana jure feshin ruwa, ni shi nake sakawa a waje ko IP66. IP67 ana iya nutsa shi cikin ruwa mita 1 na minti 30, amma ba nutso za mu yi da shi ba, kar a biya kuɗin da ba a buƙata. Kuma ka buɗe murfin tun a shago ka ga robar da ta zagaye bakinsa tana nan lafiya, don lamba kowa na iya bugawa a jikin kwali.

Sai dai inda nafi so a saurare ni shine nan, lambar nan tana aiki ne kafin ka huda akwatin. Da zarar ka huda don shigar da waya to aikin hannunka ne ya rage. A ƙasa ake hudawa, ba a sama ba ba a gefe ba, a saka gilan, wato abin nan mai zare da roba a ciki da ke matse waya, kuma girmansa yayi daidai da kaurin wayar, PG7 na siririya PG9 na wadda ta ɗan fi kauri, waya ɗaya rami ɗaya. Sannan a bar wayar ta sauko ƙasa da akwatin ta lanƙwasa kafin ta hau ta shiga, saboda ruwa bin waya yake yi, a lanƙwasar zai ɗiga.

Wani abu kuma da sai da ya faru dani na yarda. Akwai shekarar da na toshe akwati ko ina da silikon ina ganin na gama da ruwa, bayan kamar sati ɗaya fitilu suka fara rikicewa, na buɗe na tarar da ruwa kwance a ƙasa fanel ɗin har ya fara yin kore, alhali ba inda ya yoyo. Gumi ne. Da rana iskar ciki tayi zafi, da dare tayi sanyi, laimar da ke ciki ta koma ruwa kamar yadda kake gani a murfin tukunya. Tun daga nan nake saka ɗan abin shan iska da ake ɗaurawa a ƙasa, in ban samu ba in yi ƙaramin rami a ƙasa in rufe da raga mai ƙananan ido saboda tururuwa da tsaka da zanzaro, su ma suna ƙona fanel. Fanel ɗin kuma a ɗaga shi a kan ƙafafu kar ya zauna a ƙasan akwati.

Zafi ma makashi ne, adafta na fitar da zafi sosai, saboda haka a sayi akwati mai ɗan fili, fari ko ruwan toka, a kafa a inuwa nesa da indararo. Robar ABS rana na busar da ita ta tsage, folikabonet ta fi jurewa. Na ƙarfe yana da ƙarfi amma dole a haɗa masa wayar at, wato wadda ke kai wutar ƙasa in ta taɓa jikin akwatin, kuma in kwantirolar irin mai ESP32 ce da ake juyawa da wayar hannu, ƙarfe na tare Wi-Fi.

Fiyus a kowane layin fitila, da burekar RCD mai 30mA, wato wadda ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ƙasa, a inda aka jawo wutar, waɗannan biyun bana yarda in yi aiki babu su ko da mai aikin zai fasa.

Malam Edita ina roƙo kafin watan Rabi'ul Awwal ya kama ku gayyato wani injiniyan lantarki yayi wa jama'a bayani da Hausa, musamman kwamitocin masallatai da na coci da matasan unguwa da ke haɗa abin da kansu. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai aikin wayarin, daga Kaduna