Tsohuwar Baba ta tashi

Tawa, daren Lahadi

Iro,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Zainabu da yara. Ya Abijan, ya ruwa? Mu nan bazara ta kai inda tabarma ma sai an yayyafa mata ruwa kafin a kwanta.

Na san laifina, ba sai ka faɗa ba. Saƙon muryarka uku suna cikin waya, har da wanda ka ce in mutuwa na yi a sanar da kai ka aiko da goron sadaka. Ban mutu ba, ina ƙarƙashin mota ne. Abin da ke bakina kuma ya fi ƙarfin saƙon murya, balle kai da ba ka sauraren abin da ya wuce minti ɗaya. Maganar filin da ka tambaya sai wani jiƙon, bari in sauke wannan.

Tsohuwa ta tashi, Iro! Fijon Baba, Allah ya jiƙansa, 504 ɗin nan haɗin Kaduna wadda ka tura da babbar riga ranar ɗaurin auren Sale. Jiya na je Konni da ita na dawo, ko tari ba ta yi ba.

Ciwon ya fara tun bayan ƙaramar salla. Da safe murɗawa ɗaya take tashi, murya ras kamar ta amarya. Sai an yi tafiyar minti 20, injin ya ɗau zafi, ta soma fizga, ta yi harbi ta bututun hayaƙi, ta mutu. A bar ta rabin awa, a murɗa, ta tashi kamar ba ita ba. Ranar farko Gwaggo na ɗauko za mu suna Badagishiri. Muka zauna gindin aduwa bakin gudro, tana jan carbi tana gaya mini tun ranar da aka yi rabon gado ta san motar nan ba ta yarda da ni ba.

Ka san fadarmu, kowa bakanike ne in dai ba motarsa ba ce. Kafin shayi na biyu an yanke hukunci: mai ne. Ni ma na yarda, don shekara da shekaru man kwalba take sha, tun lokacin da na Nijeriya ke da araha, kafin Tinubu ya cire tallafi a 2023. Na sauke tanki na wanke, kuma gaskiya abin da ya fito, tsatsa da yashi, zai cika kofin shayi. Na sa sabon filtar mai. Na ce shi ke nan. Washegari ta mutu gaban kasuwa, ranar cin kasuwa kuwa, ƴan kabu-kabu na ta yi mini oda kamar ni na hana su arziki.

Sai na koma kan karbirato. A nan ne na ɓata da uwargida, don cikin tirenta na tangaram, na cikin kaba, na zuba kayan. Ina cikin busa jikla, ƴar ƙusar nan mai huda da mai ke bi, ƙaramar ta salo, ta kuɓuce mini ta faɗa cikin yashin tsakar gida. Na ɓalle mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo ina ta shara da shi, na tara ƙusa da allura da murfin kwalba. Hadiza na tsaye tana kallona, can ta ce, "Baba, abin ba ruwan zinariya gare shi ba? A lakkol an ce mayen ƙarfe ba ya kama tagulla." Ta ɗauko rariyar uwarta ta tankaɗe yashin wurin, ga jikla kwance. Shekara 28 ina riƙe da alli, yarinyar da na yi wa huɗuba ta karanta mini darasi. Kada ka gaya wa Sale.

Karbirato ya fita tas, ciwo na nan. Na canja famfon mai, jika 15. Na canja buji huɗu, masu kunna wa mai wuta, kuma ka san na Fijo can ƙasan rami suke, sai da doguwar kile. Wajen mayarwa na rikita wayoyin, ta yi wata irin harbi da ta kori kajin maƙwabta, sai da na zauna na tuno jerin wutar, 1-3-4-2. Daga nan tsoro ya kama ni, na ce ko gasket ɗin kan injin ne ya ƙone. Na buɗe murfin baƙin mai ina neman farin kumfan nan mai kama da kindirmo, babu. Na leƙa radiyato injin na aiki ko zan ga ruwa na ɓulɓulo, babu. Allurar zafi ma ba ta wuce tsakiya, fanka na kamawa a kan lokacinta. Allah ya taimake ni ban cire kan injin ba, domin silindojin wannan motar hannun riga ne da ake zurawa, in ka ɗaga kan ka juya injin suna iya motsawa, ruwa ya gangara cikin mai. Da na jawo wa kaina aikin da ya fi kuɗin motar.

Af, kafin in manta, Ɗan Tanin ya ƙara aure. E, shi. Wanda ya rantse mana a gidan Sale. Yanzu ya rina gemu yana sa turare har zuwa gona, kuma bashinka na nan inda ka bar shi.

To, wanda ya warware mini zaren shi ne tsohon nan na bayan tasha, mai gyaran motocin haya tun muna ɗalibai, wanda ya taɓa korarmu da bel. Ido ya tafi, yanzu sai zaman zaure. Na kai masa goro na zayyana masa duk abin da na canja. Bai katse ni ba. Da na gama ya kira ni yadda ake kiran malaman lakkol, ya ce, "Mushe, yaushe kake duba ta?" Na ce da safe, kafin rana ta yi zafi. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wato sai mara lafiya ya warke kake kai shi likita. Je ka, in ta mutu, kada ka ba ta ko minti ɗaya. Zare babbar wayar tsakiyar delko, mai raba wa buji wuta, kusanta ta da jikin injin, a murɗa maka. Ka zo ka gaya mini launin wutar."

Haka muka yi ni da Hadiza. Da safe na gwada tana sanyi: wuta shuɗiya, tana tsalle tana ƙara, tas, tas. Muka yi ta zagaya unguwa har ta mutu kusa da filin ƙwallo. Na diro na ɗaga kapo, na zare wayar, na ce murɗa. Iro, wata ƴar wuta ce ja-ja, siririya, sai na manna wayar da ƙarfe kafin ta fito, wani bugun ma babu ita sam. Wata biyu ina bin mai, ashe mai bai san hawa ba bai san sauka ba.

Saura a raba tsakanin bobin, mai ƙara ƙarfin wutar batir, da abin da ke cikin delko. Na ari bobin wajen mai bashe ɗin nan na layinmu, na ɗaura, ta sake mutuwa a daidai lokacinta. Na buɗe murfin delko, sai ga bakin bis platine, ƴan ƙarafan nan biyu masu buɗewa da rufewa, ya ƙone, gefe ɗaya rami, ɗaya gefen ƙurji. Da na kwatanta wa tsoho ya ce, "Kondansata." Ɗan gwangwanin nan da ke maƙale jikin delko, bai kai babban yatsana ba. Yadda ya fahimtar da ni, duk lokacin da platine ya buɗe baki, wutar bobin na yankewa, yankewar nan ce ke haifar da babbar wutar da ke zuwa buji. Aikin ɗan gwangwanin ya shanye tartsatsin da ke son tsallake bakin platine don yankewar ta zo farat ɗaya. In ya gaji, musamman da ya ji zafi, wutar sai ta tsaya tana cin platine, buji ya samu saura.

Jika biyu na saye shi. Jika biyu, bayan na zubar da abin da ya haura 40! Na goge platine, na daidaita buɗewarsa milimita 0,40. Tsoho ya ce su da kwalin sigari suke aunawa, ni dai na ari ma'auni, ban kai can ba. Muka yi zagaye awa guda ba ta mutu ba. Don in tabbatar, na kashe ta da zafinta, na zare wayar, na riƙe da hannu ba tsumma, na ce Hadiza murɗa. Wallahi har cikin haƙorina na ji ta. Na yi tsalle na buga ƙeya da kapo, ina salati ina dariya, yarinya ta fito da gudu ta ɗauka wani abu ya same ni. Ƙullutun na nan, hula ba ta zama daidai.

Uwargida ta ce tunda kishiyarta ta warke, sai in biya tire. Gwaggo kuwa ta ce addu'arta ce. Wani dillali daga Abalak ya taya ta, na ce ya sha ruwa ya kama hanya. Na san abin da za ka ce, ka riƙe shi, kai da ko keke ba ka iya sa wa sarƙa.

Abin da ya rage mini, da safe tana ɗan fitar da hayaƙi shuɗi kafin ta ɗumama, kuma tana rage baƙin mai. Wannan na bar shi sai bayan damina. Amma sabon kondansatan ban yarda da shi ba, ko suna babu a jikinsa, kuma tsoho ya ce na yanzu ba su daɗewa. In ka shiga wajen masu tsofaffin kayan mota, nemo mini na asali guda biyu da platine, delkon Ducellier ne, ka rubuta a takarda don na san kanka. Ka ba duk wanda zai taho gida noma.

Albasa ta faɗi bana, ƙanenka na ta ƙorafi. Hadari ya haɗu gabas shekaranjiya, ya watse da iska kawai. Ka gaida Zainabu, ka ce mata yajin ya iso kuma an gode. In ka zo da babbar salla ni zan tarbe ka Konni da tsohuwa, amma ka sa ƙaramar riga, ko da za a buƙace ka.

Naka,
Mamman